Yadda zaka haɗa hoton dabba da ganye, ƙasa da ɓawon ƙwai

Yawancin masu fara irin wannan aikin kala suke bi. Mutum yana so yayi zaki sai ya bazama neman duk wani abu mai ruwan ɗorawa, ya manna, ƙarshe abin ya fito a shafe babu rai a ciki. Ni a ganina kala ita ce ta ƙarshe da ya kamata ta dame ka. Abin da zaka fara kallo shine jikin dabbar, yana da laushi ne ko kaushi, gashin a kwance yake ko a tsaye, ina ya dosa, a ina yayi cunkus a ina yayi shara-shara. In ka gane wannan to kayan da zaka ɗebo su zasu yi maka rabin aikin, dan ganye da ƙaya da ɓawon itace kowanne ya zo da irin fatarsa, wadda ko kwana kayi da buroshi ba lallai ka fitar da irinta ba.

Kuma abin ba sabo bane. A wani kogo a tsibirin Sulawesi na Indonesiya akwai hoton aladen daji da aka yi da jar ƙasa, wanda masu bincike suka sanar a 2021 cewa ya kai aƙalla shekara 45,500. Dawakai da bijimai na kogon Lasko a Faransa, da aka gano a 1940, sun kai wajen shekara 17,000, suma da ƙasa mai kala da baƙin ma'adini aka yi su. Abin lura anan shine launin da ya fito daga ƙasa shi yake daɗewa, zamu dawo kan wannan in mun zo maganar kala.

Toh, fara da zaɓen dabba ɗaya, kuma dan Allah ka zaɓi wadda ko inuwarta aka gani za'a gane ta. Kunkuru, kifi, mujiya, bushiya, raƙumin dawa, zakara, duk suna da siffa mai sauƙin ganewa. Doki da kare suna da wuya a karon farko saboda ƙafafu, musamman ƙafar baya, wannan gaɓar da take lanƙwasawa ta baya mutane suke ɗauka gwiwa ce, alhali daidai take da idon sawu a jikin mutum, gwiwar gaskiya tana can sama kusa da ciki. In baka san haka ba dokin zai fito kamar ya karye. Nemi hotuna biyu ko uku na dabbar, in da hali ka kalle ta da ranta, ka zana layin jikinta kawai da fensir akan takarda, sannan ka zana ƙananan kibau a ciki masu nuna inda gashi ko ɓawo ya kwanta. Waɗannan kibau ɗin sune taswirarka, kar ka raina su.

Sai fita ɗebo kaya. Ka tafi da buhu ko kwali da ƴan ambulan na takarda, banda leda, dan leda tana riƙe gumi sai ganyen ya ruɓe kafin ka dawo. Ɗebo abin da ya faɗo da kansa: busassun ganye manya da ƙanana, ɓawon itace da ya ɓare, ƙaya, ƙaiƙayi, ƙwallayen itatuwa, gemun masara da ɓawonta, zaren ɓawon kwakwa, busasshiyar ciyawa, yashi mai laushi da mai tsakuwa, ƙasa kala-kala, gawayi. Ka ɗebo fiye da yadda kake tunanin zaka buƙata, wajen ninki uku, saboda wasu zasu karye wasu su canza kala bayan sun bushe, kuma ba ƙaramin ɓacin rai bane ka kai rabin fiffike ganyen ya ƙare, ka koma ka tarar an share wurin.

Akwai abubuwan da nake so ka kiyaye sosai. Idon zakara, wannan ɗan jan ƙwallon mai ɗigon baƙi, yana da kyau kuma yana jan hankali a matsayin idon tsuntsu, amma guba ce mai kisa in aka tauna shi ko ya fashe, haka ƴaƴan zurman, in da yara a wajen aikin kar ma su shigo gidan. Ruwan tumfafiya kuma yana cutar da ido. Gashin tsuntsu ka tsaya a na kaji da agwagi da makamantansu, dan wasu ƙasashen sun hana ajiye gashin tsuntsayen daji ko da tsinta kayi, kamar Amurka da take da doka akan haka tun 1918. Hauren giwa, ɓawon ɗan kunya, fatar namun daji, waɗannan babu su a lissafi sam, yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ƙasashen duniya suka yi akan cinikin namun daji da tsirrai, ta ɗaure cinikinsu, kuma ma bai dace ace an cutar da dabba dan a yi hoton dabba ba.

Da ka dawo sai tsafta da busarwa, nan ne mutane suke gajen haƙuri. Ganye ka goge ƙurarsa, ka jera a tsakanin tsofaffin jaridu kar wani ya hau wani, ka ɗora abu mai nauyi, ka dinga canza jaridar duk bayan kwana biyu a farko-farko, cikin sati ɗaya zuwa biyu ya bushe a miƙe. In kana so ganyen ya zauna da laushi yadda zaka iya lanƙwasa shi, jiƙa shi a gilisirin kashi ɗaya ruwa kashi biyu na wasu kwanaki, zai ɗan yi duhu amma ba zai dinga farfashewa ba. Ƙwallaye da ɓawon itace da gashin tsuntsu kuwa yawanci da ƙwari ko ƙwansu a ciki ko baka gani ba, ka ƙulle su a leda bayan sun bushe ka saka a firiza aƙalla kwana uku, sati ɗaya ya fi. In ka tsallake wannan, bayan wata biyu zaka fara ganin gari yana zubowa a ƙasan hoton, ƙwaro ne yake cin aikin daga ciki.

Yanzu ga abin da nafi so ka ɗauka a duk rubutun nan, katin gwaji. Yanko gutsuren kwali irin wanda zaka yi aikin a kai, ka raba shi gida-gida, kowane gida ka manna abu ɗaya ka rubuta sunansa da irin gam ɗin da ka sa da kwanan wata. Ganye ɗaya ka manna shi ta fuska, wani ta baya inda jijiyoyin suka fito, wani ka yayyaga shi da hannu, wani ka yanka da almakashi, zaka sha mamakin yadda ganye ɗaya yake bada fata kala huɗu. Ɓawon masara in ka tsaga shi siri-siri yana zama geza, in ka yanka shi ƙwai-ƙwai yana zama gashin fiffike. Garin katako da gam yana bada jikin raƙumi, yashi mai tsakuwa yana bada jikin kada ko ƙadangare. Ka rufe rabin katin da wani kwalin ka ajiye kusa da taga sati biyu, in ka buɗe zaka ga wanne ne ya koɗe wanne ya tsaya. Nasan mutum yana ɗokin ya fara babban aikin, amma wallahi wannan ɗan katin shi yake raba aikin da zai shekara goma da wanda zai lalace kafin wata uku.

Maganar gam. Farin gam na kafinta shine mafi sauƙi, yana bushewa garau ba'a ganinsa, kana iya tsinka shi da ɗan ruwa dan abubuwa marasa nauyi. In kana so komai ya zama daga halitta, ƙaro yana yi, ka daka shi ka jiƙa kashi ɗaya a ruwan ɗumi kashi biyu ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka ɗiga zuma kaɗan dan kar ya tsattsage in ya bushe. Shi dai ƙaro baya riƙe abu mai nauyi, kuma in ya ji danshi yana saki. Gam ɗin sitaci yana riƙe takarda da ganye da kyau amma kyankyaso da fumfuna suna sonsa, sai ka sani. Allon da zaka yi aikin kuma ya zama mai kauri, katako mai falle ko kwali mai ƙarfi, in kwali ne ka shafa tsinkakken gam a fuska biyu ka bari ya bushe, in gefe ɗaya ka shafa zai lanƙwashe.

Kala daga ƙasa ita ce nafi yarda da ita. Ɗebo jar ƙasa ko mai ruwan ɗorawa, ka zuba a kwalba da ruwa mai yawa, ka girgiza sosai, ka jira kamar minti ɗaya yashin ya kwanta, sai ka tsiyaye ruwan mai gurɓin zuwa wata kwalbar ka bar shi ya kwana. Da safe zaka ga laka mai laushi ta kwanta a ƙasa, ka zubar da ruwan sama a hankali, ka shanya lakar ka niƙa, shikenan ka samu garin fenti. Ƙarfen da yake cikin ƙasar shi yake bata kalar, shi yasa rana bata cinta. Kuma ga wani abu mai daɗi, ƙasa mai ruwan ɗorawa in ka gasa ta a gwangwani akan wuta mai ƙarfi sai ta juya ja, dan zafin yana korar ruwan da yake cikin ma'adinin, kaga daga ƙasa ɗaya ka samu kala biyu masu jituwa, daidai da jikin barewa ko dila. Baƙi kuma gawayi ko kunkunniya, fari alli ko farar ƙasa. Ka rufe hancinka lokacin niƙa, ƙurar bata da kyau ga huhu.

Garin kaɗai baya kama takarda sai an haɗa shi da abin riƙewa. Da ruwan ƙaro zaka samu fenti mai shara-shara. Da gwaiduwar ƙwai kuwa zaka samu mai ƙarfi da ɗan sheƙi, ka raba gwaiduwar da farin, ka huda tantaninta ka tsiyaye, ka haɗa da ruwa kaɗan da garin kalar, kusan daidai wa daida. Da irin wannan masu zanen Italiya suka yi aiki ɗaruruwan shekaru kafin fentin mai ya yaɗu. Yana bushewa da sauri, saboda haka ƙananan layuka zaka dinga ja ɗaya akan ɗaya, wanda dama shi ake so wajen fitar da gashin dabba. Ka haɗa iya na ranar, dan baya kwana.

Kalar tsirrai tana da kyau amma yawancinta bata jure rana. Ɓawon albasa in ka dafa yana bada ruwan zinare zuwa ruwan ƙasa, ganyen shayi yana bada ruwan ƙasa mai haske. Kurkum yana bada ɗorawa mai ɗaukar ido, in ka ɗiga masa ruwan toka ko kanwa sai ya juya ja, amma shine na farkon koɗewa, kar ka ɗora muhimmin wuri a kansa. Wanda yake tsayawa shine haɗin tsatsa da ɗacin itace. Jiƙa tsofaffin ƙusoshi a binega na sati guda, ka dafa ƴaƴan bagaruwa ko shayi mai kauri daban, in ka shafa ruwan bagaruwar ya bushe sannan ka bi da ruwan ƙusar zaka ga wurin yana juyawa ruwan toka zuwa baƙi a gaban idonka. Yana kyau sosai wajen jikin giwa ko ratsin jakin dawa. Kar dai ka cika ruwan ƙarfen, yana cin takarda a hankali.

Bari mu ɗauki mujiya mu bi ta daki-daki, dan ita tana koyar da kusan komai. Kwafi zanenka akan allon, ka fara shafa bayan fage da tsinkakkiyar kalar ƙasa, sannan ka shafa kala mai duhu a cikin jikin mujiyar gaba ɗaya. Wannan duhun yana da amfani, duk inda aka samu ƴar kafa tsakanin ganye da ganye inuwa za'a gani maimakon farin kwali. Manna reshen da take tsaye a kai da ɓawon itace na gaske. Daga nan ka fara jera gashin daga wutsiya kana hawowa zuwa kai, kowane layi ya rufe kusan sulusin na ƙasansa, kamar yadda ake jera kwanon rufi daga ƙasa zuwa sama, haka gashin tsuntsu yake kwance kuma haka ɓawon kifi. Gam ɗin a gindin ganyen kawai zaka sa, ka bar bakin a sake ya ɗan ɗago, wannan ɗagowar ita take kama haske ta bada inuwa har mutum yaji kamar ya shafa. Dogayen ganye masu tsini a fiffike da wutsiya, gajeru masu haske a ƙirji, kuma girmansu ya dinga raguwa kana matsowa wuya. Kar ka jera su cif-cif layi ɗaya, ɗan karkata wasu, ka cakuɗa mai duhu a cikin masu haske nan da can.

Fuskar ita ce wurin da zaka zauna ka nutsu. Idanun mujiya duka biyun gaba suke kallo, kuma kowanne yana tsakiyar wani faifai na ƙananan gashi da suka bazu daga idon zuwa waje. Tsaga ɓawon masara ko busasshiyar ciyawa ƙanana ka jera su suna fita daga tsakiya zagaye, hantsaki zai taimaka maka anan dan yatsa yayi girma. Baki kuma ƙaya ɗaya mai lanƙwasa ta isa, ka binne gindinta a cikin gashin yadda tsininta kawai zai leƙo. Ido ka sa alamar wurinsa tun farko amma shi zaka manna a ƙarshe, ƙwallo mai santsi ko ƙaramar baƙar tsakuwa akan zagayen ganye mai ɗorawa. Kafin ka sa gam ka ɗora su haka kawai ka ja da baya taku biyar ka kalla, matsar da ido ɗaya da faɗin ƙwayar shinkafa yana canza fuskar daga mai barci zuwa mai fushi. In ka gamsu ka manna, ka ɗiga farin alli ɗan mitsitsi a gefe ɗaya na kowane ido, gefe ɗaya ɗin dai a duka biyun.

Kunkuru kuwa aikin ɓawon ƙwai ne. Wanke ɓawon, ka jiƙa shi ka cire tantanin ciki dan shine yake hana gam kamawa, ka shanya. Yawancin kunkuru suna da manyan gidaje 13 a bayansu, 5 a layin tsakiya da 4 a kowane gefe, sai ƙanana da suka zagaye baki. Zana gidajen, ka shafa gam a gida ɗaya, ka ɗora babban ɓallen ɓawo ka danna da yatsa ya farfashe a wurin, sai ka ɗan rarraba gutsattsarin da tsinke. In ya bushe ka shafa ruwan shayi mai kauri ko kalar ƙasa a kai ka goge saman da ɗanyen ƙyalle, kalar zata zauna a cikin tsagun ta fito da zanen. Masu zanen Biyetnam suna amfani da ɓawon ƙwai haka a zanensu na fenti mai sheƙi da ake yi da ruwan itace dan samun fari. Dabarar nan tana yiwa raƙumin dawa da maciji ma.

In kana son jikin ya taso sosai zaka iya gina shi da yumɓu akan allon, sai dai yumɓu yana tsukewa in ya bushe, shi yasa yake tsagewa ya ɓalle. Cuɗa shi da auduga ko jiƙaƙƙiyar takarda da ɗan farin gam, ka shafa siriri-siriri, ka bar shi ya bushe a inuwa.

Wani abu da nake yawan gani yana ɓata aiki mai kyau shine cika kaya. Mutum ya ɗebo abu ashirin sai yaji dole kowanne ya shiga. Abu uku ko huɗu sun isa dabba ɗaya, kuma ka bar bayan fagen a sake babu hayaniya dan ido ya samu wurin hutawa, in ko'ina yayi kaushi dabbar ɓacewa take a ciki. In wani wuri bai yi maka ba, kafin gam ya bushe ka ɗaga da bakin reza, in ya riga ya bushe ka jera wani a kansa kawai.

Ka bar aikin a kwance kwana biyu ya bushe sarai. In zaka shafa masa abin kariya, tsinkakken farin gam ko banish marar sheƙi, ka fara gwadawa akan katin gwajin nan, dan yana duhunta ganye kuma yana kwantar da gashin tsuntsu, wuraren gawayi kuma fesawa ake yi, buroshi yana jan su. Firam mai zurfi ya fi, yadda gilashin ba zai taɓa kayan ba, ka toshe bayan da takarda da gam saboda ƙwari. Rataye shi a bangon da rana bata bugawa kai tsaye kuma babu danshi, ka rubuta kwanan wata da sunayen kayan da ka sa a bayan allon, ka ɗauki hotonsa a ranar. Bayan wata shida ka sake ɗauka a wuri ɗaya ka gwada su, duk kayan da ka ga ya koɗe ko ya saki sai ka canza shi da wani a aiki na gaba.